Mudun Da Ya Shekara Ɗari Yana Ƙwarar 'Yan Besbol

A wasan besbol na Amurka, mai jifa ne ke wurgo ƙwallo, mai sanda ya buga ya ruga zangon farko. Tambayar da ta daɗe tana cin tuwo a ƙwarya ita ce: da wane mudu za a auna gwanintar mai bugu?

Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya taso da wasan kurket, shi ya yaɗa jadawalin sakamakon wasa a jaridun New York tun 1859. Daga nan aka samu ma'aunin da ya yi kaka-gida: a raba bugun da ya kai mutum zango da yawan damar da ya samu. Mai uku cikin goma, wato .300, gwani ne. Ted Williams ya kai .406 a 1941, kuma har yau ba wanda ya sake taka .400 a cikakkiyar kakar manyan gasannin biyu.

Sai dai mudun yana yoyo. Idan mai jifa ya kauce sau huɗu, mai sanda kuma ya ƙi kai bugu, zango ya samu kyauta, amma ma'aunin ba ya ƙirga wannan. Mai haƙuri yana taimakon ƙungiya, albashinsa bai nuna ba. Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauki masanin ƙididdiga Allan Roth aiki a 1947, kuma a 1954 ya bayyana a mujallar Life cewa yawan isa zango ya fi muhimmanci. Sai 1984 hukumar wasan ta karɓi wannan ma'auni. A 2002 Oakland Athletics, ƙungiya mai ƙaramin aljihu, ta tattaro irin waɗannan 'yan wasa da araha, ta ci wasa 20 a jere.

Daga 2015 na'urorin Statcast suka shiga filaye 30, suna auna gudun ƙwallo da kusurwar tashinta. Taswira mai ɗige-ɗige ta nuna inda kowa ya saba aika ƙwallo, masu tsaro suka riƙa cunkushewa can, har aka kafa dokar hana hakan a 2023. Yanzu wanda ya yi bugu mai ƙarfi aka cafe, alƙaluma na shaidarsa ranar da za a zauna cinikin kwantiraginsa.