Shin Tsohon Soja Yana Da Ikon Ajiye Bindiga A Gida?

Takardu biyu ne suka zo mana daga Jihar Jigawa a kan magana ɗaya. Ta farko daga Birnin Kudu, inda mai sauraronmu yake tambaya ko wanda ya yi soja ya yi ritaya yana da ikon ajiye bindiga don tsaron gonarsa da dabbobinsa. Ta biyu daga Gwaram, shi kuma cewa ya yi, to idan tsohon sojan nan ya samu taɓin hankali fa, me doka ta ce?

To, malam na Birnin Kudu, bindigar da soja yake riƙewa ba tasa ba ce, ta gwamnati ce. Ranar da aka sallame shi zai mayar da ita. Daga nan dokar da ta hau kan manomi da ɗan kasuwa ita ta hau kansa.

Abin ya samo asali tun 1890, lokacin da ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels cewa za su taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin Afirka. Da Turawa suka ci Kano a 1903, lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk suna ƙarƙashin Kano, sai suka riƙe bindigar zamani a hannun dakarunsu, aka bar wa mafarauta bindigar toka. Mazan jiyan da suka yi yaƙin Boma cikin runduna ta 81 da ta 82, su ma da yaƙi ya ƙare a 1945 sallamarsu aka yi, makamai suka koma hannun hukuma.

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta fara aiki a 1959, ta kasa bindiga kashi uku. Manyan makamai da bindigogin soja, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar harbin tsuntsaye da makamantanta, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, kwamishinan 'yan sandan jiha yana iya hana riƙe ta ba lasin.

Sai aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Sojan ƙasa da bai wuce kimanin 10,000 ba ya kai wajen 250,000. Da ƙura ta lafa, bindigogi da yawa suka ɓace cikin jama'a, fashi da makami ya yi ƙamari, har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa doka a 1970 ta yanke wa ɗan fashi hukuncin kisa. Ka ga dalilin da hukuma ba ta sassauta wa kowa a kan maganar nan, ko da ya yi wa ƙasa yaƙi.

Yanzu ga amsarka, malam na Gwaram. Dokar 1959 ta jera mutum biyar da ba a ba su lasin: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi wanda ba ya iya kame kansa, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Kuma lasin ba haƙƙi ba ne, hukumar da ta bayar tana iya karɓe abinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa zai ce mutum yana da taɓin hankali? A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja. Dokarsu ta 1968 ta hana bindiga ga wanda hukuma ta tabbatar hankalinsa ya taɓu. Daga 1998 ma'aikatar tsofaffin sojoji ta riƙa miƙa wa hukumar FBI sunan duk wanda aka naɗa wa mai kula da kuɗin fanshonsa, shi ke nan ba zai iya sayen bindiga ba. Mazan jiya suka ce rashin iya lissafin kuɗi daban, zama haɗari ga jama'a daban. A 2024 majalisarsu ta ce kada a miƙa suna sai alƙali ya tabbatar da haɗarin. A nan gida, tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 aka yi ta aiki da ita har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kare mutuncin majinyaci.

Saboda haka, jama'a, mu yi hattara ta fuska biyu. Kada mu ga dattijo yana firgita cikin barci ko yana tsorata da ƙara mu ce ya haukace. Abin da ya gani a fagen daga ne yake dawo masa, kuma yana da magani. Amma idan ya fara yi wa iyali barazana, ko yana maganar kashe kansa, a nisanta shi da makami, ko da bindigar toka ce, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda, a kai shi asibiti. Akwai na masu taɓin hankali a Kazaure, akwai kuma a Dawanau ta Kano.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.