Daga Lambun Aburi Zuwa Gonar Gwaji ta Tamale

Asalin lambun nazarin tsirrai magani ne. A ƙasar Italiya, jami'ar Padua ta kafa nata a 1545 domin ɗalibai masu koyon likitanci su ga ganyaye da saiwoyi da idonsu, kada su ɗauki guba a matsayin magani. Da Turawa suka bazu cikin duniya, sai manufar ta sauya. Lambun Kew na Ingila, wanda aka fara a 1759, ya zama cibiyar tattara iri daga wata ƙasa a kai wata, duk inda ake ganin zai kawo riba.

Ta wannan hanya ce abin ya iso Gana. A 1890 aka buɗe lambun Aburi a kan tsaunukan Akwapim, kuma William Crowther, wanda ya sami horo a Kew, shi ne ya fara kula da shi. Daga nan aka riƙa raba wa manoma dashen koko, ko da yake Tetteh Quarshie ya riga ya shigo da irin tun 1879.

Arewa kuwa ba ta sami irin wannan gata ba. Bayan an mayar da hedikwata daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, gonar gwaji aka buɗe, hankalin hukuma kuma yana kan auduga. Nisan teku da arahar farashi suka sa manoman Dagomba ba su rungume ta ba. Kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan ƙasar suka dogara da su, sun ci gaba da tsayuwa a gonaki, manoma na kewaye su da fartanya.