Wutsiyar Bakteriya: Tarihin Gano Injin da ke Juya Ta

Littattafan kimiyya ba su yi ittifaƙi ba kan shekarar da aka gano cewa wutsiyar bakteriya juyawa take yi. Wasu sun ce 1973, wasu 1974, kuma kowane ɓangare yana da madogara.

Antonie van Leeuwenhoek na garin Delft a ƙasar Holan ya ga ƙananan halittu suna kai-komo a cikin ɗigon ruwa tun 1676, sai dai madubinsa bai kai ya nuna abin da ke tura su ba. Robert Koch ya ɗauki hoton wutsiyar a 1877. A shekarun 1880 Theodor Engelmann da Wilhelm Pfeffer suka nuna cewa bakteriya na doshin inda iskar oksijin da abinci suke. Daga nan maganar ta kwanta, akasarin masana suka tafi a kan cewa wutsiyar kaɗawa take yi.

Julius Adler na Jami'ar Wisconsin ta Amurka ne ya tayar da ita a shekarun 1960, yana aiki da bakteriyar E. coli. A 1969 ya nuna cewa ƙwayar tana da abin sansano sinadarai a jikinta, ba sai ta ci abu take gane shi ba. Bayan shekara biyu, shi da Melvin DePamphilis suka ciro gindin wutsiyar, suka ga zobba jere a jikin wata 'yar sanda. A 1972 Howard Berg da Douglas Brown suka yi amfani da madubin da ke bin ƙwaya ɗaya tal duk inda ta nufa. Tana miƙewa kamar daƙiƙa guda, ta yi ɗan tuntsure, ta ɗauki wata hanya. In kuwa abinci ta dosa, sai miƙewar ta ƙara tsawo.

Nan saɓanin yake. A 1973 Berg da Robert Anderson suka rubuta a mujallar Nature cewa wutsiyar juyawa take yi kamar farfelar jirgin ruwa, amma hujjarsu daga sakamakon binciken da wasu suka riga suka wallafa suka tattaro ta. A 1974 Michael Silverman da Melvin Simon a San Diego suka liƙa wutsiyar a jikin gilashi. Da ta kasa motsi, sai jikin ƙwayar ya shiga juyawa a gaban idon mai kallo. Hasashen na 1973 ne, amma shekarar da ta cancanci a rubuta ita ce 1974. A shekarar ce kuma ɗaliban Adler suka nuna cewa idan injin da ke gindin wutsiyar ya juya saɓanin hannun agogo ƙwayar miƙewa take yi, idan ya sauya sai ta tuntsura. Daga baya aka gano furotin ɗin da ke kai wannan umarni ga injin, wato CheY.

Abin da ke tuƙa injin shi ne kwararar furoton ta fatar ƙwayar, kamar yadda aka tabbatar a 1977. Wasu jinsunan da sodiyom suke aiki: a 1994 an auna injin Vibrio alginolyticus yana juyi 1,700 a daƙiƙa ɗaya.

Batun ginin wutsiyar kuwa, masanan Japan ne suka yi kaka-gida a kansa, ko da yake sau da yawa ana tsallake su. Sho Asakura na Nagoya ya nuna a 1964 cewa furotin filajelin yana iya harhaɗa kansa ya zama wutsiya a cikin kwalbar gwaji. Tetsuo Iino ya nuna a 1969 cewa daga can ƙarshenta take tsawo, ba daga gindi ba. Kenan kowane ɗaya daga cikin guntayen filajelin kusan 20,000 sai ya ratsa wani siririn rami a tsakiyarta kafin ya kai mazauninsa. Ginin bi da bi ne: gindi, sai ƙugiya mai tsawon kimanin nanomita 55, sannan wutsiyar. A 1993 Kelly Hughes da abokan aikinsa suka bayyana yadda ƙwayar ke sanin lokacin fara gina wutsiyar ya yi: furotin FlgM ne ke hana yin filajelin, kuma da zarar an gama ƙugiyar sai a fitar da shi waje ta wannan ramin.

A 2020 masu bincike a Kopanhagen da Oxford suka fitar da siffar sashen da ke tura injin: furotin MotA biyar kewaye da MotB biyu.