Mita Goma, Ɗigo Ɗaya: Bindigar Iska da Abin da Take Ci

Mutumin Keffi ba baƙon ƙarar bindiga ba ne. Ranar hawan Sallah 'yan bindiga kan turnuƙe gari da hayaƙin albarushi, kuma idan sojojin Bataliya ta 177 za su yi atisayen harbi akan yi shela kada kowa ya firgita. Tarihin garin ma akwai makami a tsakiyarsa: a 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya nufi Kano, Turawa suka riƙe wannan a cikin hujjojinsu na far wa Kano a 1903. Saboda haka in ka ce wa mutum kana wasan harbi, abin da zai fara zuwa masa a rai soja ne ko maharbi. Na uku kuwa, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, ba ya ma son ya faɗa.

Wasan da muke yi daban ne, kuma ba shi da hayaniya. Mutum yana tsaye da ƙafafunsa, babu jingina, babu madubin kusanto da nesa. Tsakaninsa da takardar saiti mita 10 ne cif. Bindigar ba ta amfani da albarushi. Matsattsiyar iska ce ke tura ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce rabin giram da kaɗan ba. Dukkan zobban da ke kan takardar a haɗe faɗinsu milimita 45.5 ne, maki goma kuwa ɗigo ne na rabin milimita, kamar ayar da ke ƙarshen wannan jimla. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, da bindigar da doka ta yarda nauyinta ya kai kilo 5.5. Bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya fitar da kai daga goma zuwa takwas.

Tambayar farko da sabon shiga ke yi mini ita ce: "Malam, nawa ce?" Ni kuwa nakan ce ya yi haƙuri ya ji tarihin bindigar tukuna, don amsar kuɗin tana cikinsa.

Gidan wannan sana'a Jamus ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi sun hana ta ƙera bindigogin albarushi da riƙe su, sai ƙungiyoyin harbi na garuruwa da ƙauyuka, waɗanda wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru, suka koma wa bindigar iska. Maƙera suka bi su. Shi ya sa har yau manyan sunayen ba su canja ba: Feinwerkbau a Oberndorf, Walther da Anschütz a Ulm. Wasan ya shiga gasar duniya a Wiesbaden a 1966, ya shiga Olamfik a Los Anjalis a 1984, inda Philippe Heberlé na Faransa ya ci na maza, Pat Spurgin ta Amurka ta ci na mata.

Bindigogin farko masu sifirin ne. Ka ɗana, ka taɓa kunama, sifirin ya zabura ya tura iska. Matsalarsu girgiza: kafin ƙwaya ta bar bakin bindiga, ƙarfen ya riga ya motsa a kafaɗarka. Kamfanin Diana ya magance wannan da fistin biyu masu gudu gaba da baya lokaci guda, kowane yana kashe girgizar ɗan'uwansa. Feinwerkbau kuma ya ɗora dukkan ƙarfen a kan wata 'yar hanya, yadda zai zame baya kaɗan shi kaɗai ba tare da ya bugi mai harbi ba. Samfurinsu 300S ya mamaye shekarun 1970, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ta zai gaya maka ba ta jin tsufa. Sifirin da zoben fistin kawai take nema, shi ma sai an daɗe.

A 1974 Walther ya fito da LGR. Babu sifirin, hannu ɗaya ne a gefe, ka ja ka mayar, ka matse iskar harbi guda da ƙarfin damtsenka. Girgiza ta kau. Feinwerkbau ya biyo da 600 a 1984, sannan 601, 602 da 603. Maki ya yi ta hawa har hukumar harbi ta duniya ta rage girman zobba a 1989. A ra'ayina a nan ne bindiga ta wuce ɗan Adam. Ɗaure 602 mai lafiya a kan maƙali ka harba goma, kusan rami ɗaya za ka tarar. Duk abin da aka ƙaro bayan nan sauƙi ne ga mai harbi, ba ƙarin gaskiyar bindiga ba.

An ɗan yi yayin masu iskar gas ta CO2. Wannan kada ɗan Keffi ya karɓa ko da kyauta. Ƙarfin gas ɗin yana bin zafin wuri, kuma da zarar zafi ya haura digiri 31 ba ya zama ruwa a cikin tukunya, sai harbi ya rikice. Wanda ya san bazarar Keffi, watan Maris da Afrilu, a ɗakin kwano, ya san inda zancen ya ƙare.

Daga tsakiyar shekarun 1990 aka koma wa masu tukunya: silinda ce ƙarƙashin bututu, a cika ta da iska mai matsin bar 200 ko 300, ta yi harbi ɗaruruwa ba tare da ka ɗana da ƙarfi ba. Su ne Walther LG400, Feinwerkbau 800, Anschütz 9015 da ire-irensu, kuma su kaɗai za ka gani a hannun manyan 'yan wasa. Suna da dalili. Tun 2013 ake lissafa maki da ɗigo, mafi girma 10.9, jimilla 654.0, kuma a can sama ɗigo ɗaya ke raba mai shiga zagayen ƙarshe da mai tattara kayansa. Wanda zai ja hannun famfo sau sittin ba zai yi gogayya da wanda yatsa kawai yake motsawa ba.

Sai dai kowane mataki na wannan ci gaba ya ɗauke wani aiki daga hannun mai harbi ya miƙa shi ga wani abu na waje. Bature yana cika silindarsa a ƙungiyarsu ko shagon masu ninƙaya a ƙarƙashin teku. Mu da ke tsakiyar ƙasa famfon hannu ne gatanmu, ka yi ta dannawa har gumi ya jiƙe ka, da damina kuma ka tura laima cikin tukunya tare da iskar. Silinda tana da wa'adi: shekara 10 daga ranar da aka buga a jikinta, bayan nan alƙalan gasa ba za su bari ka hau layi da ita ba. Robobin da ke riƙe iska sukan bushe, hunturu da ƙurarsa ba sa raga musu, kuma roba ɗaya da ba ta kai farce ba tana iya ajiye bindigar miliyoyi wata da watanni. Wani abu kuma da nake maimaita wa kowa da babbar murya: kada a kuskura a cika silinda da iskar masu walda ko ta asibiti. Iskar oksijin in ta haɗu da maiko a irin wannan matsi, fashewa take yi.

Kafin kuɗi ma akwai takarda. Taƙaita bindiga a hannun ɗan ƙasa tsohon abu ne. Tun yarjejeniyar Burasal ta 1890 Turawa suka hana shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka, suka bar mana irin su harba-ruga. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta raba bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da bindigogin toka da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Bindigar iska tana gida na biyu, tare da bindigar farauta. A Jamus baligi yana sayen mai ƙarfin da bai wuce jul 7.5 ba babu lasisi, kuma duk bindigogin gasa a wannan ƙarfin suke. A nan kuwa shigo da ita yana bukatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ban ga laifin taka-tsantsan ba a ƙasar da ta sha jini haka. Amma sakamakonsa a fili yake: akasarin waɗanda muke haɗuwa da su a layin harbi masu kaki ne, domin su ke da rumbun ajiye makamai da ikon shigo da kaya. Masar ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Alƙahira a 2022. Mu har yanzu ɗalibin sakandare bai san akwai wasan ba.

Sannan kuɗi. Sabuwar bindiga ta sahun gaba tana cin yuro dubu uku zuwa sama. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Yi lissafin da kanka. Kuma bindiga rabin kaya ce: akwai riga da wando masu tauri da ke tallafe baya, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, safar hannu, da ƙwayar dalma da ake sayarwa 500 a gwangwani, irin su RWS R10 ko H&N ko Qiang Yuan ta Sin. Ƙwaya ita ce kuɗin da ba ya ƙarewa, kuma mai araha ta harbin tsuntsu ba ta yi. Gara ka rage yawan harbi ka cike da atisayen jan kunama babu ƙwaya, wanda manyan 'yan wasa ma suke yi kullum.

Shawarata ga mai farawa ba ta canja ba. In har hanyar doka ta buɗe, ya nemi ta gwanjo mai hannun famfo, 601 ko 602 ko 603, ko ma 300S. Turawa sun ajiye su a kabad tun da suka koma wa masu tukunya, kuɗinsu kaso ne kaɗan na sabuwa, iskarsu kuma tana damtsenka. Ya duba robobi, ya duba bakin bututu ko ya taɓa bugewa, ya tabbatar ma'aunin saiti na baya yana juyawa daidai, ya haɗo robobin canji tun a sayen farko. Yarinya ko yaro mai ƙaramin jiki kuwa hannun famfo zai gajiyar da shi. A nan mai tukunya mara nauyi ta fi, in akwai mai kula da famfon. Sai mutum ya fara wuce maki 570 cikin 600, a lissafin da babu ɗigo, a kai a kai sannan ya yi tunanin sabuwa.

Ana yawan kawo mini labarin Abhinav Bindra, wanda ya ciwo wa Indiya zinare a Beijin a 2008, mahaifinsa ya gina masa wurin harbi a gida. Ƙalilan ne ke da irin wannan uba. Hanyar Jamus ta fi kusa da mu: bindigar ƙungiya, wadda yara goma ke karɓa-karɓa a kanta, kowa da alamar saitinsa a rubuce. Keffi tana da duk abin da ake bukata. Akwai Kwalejin Gwamnati da aka kafa tun 1949, akwai jami'ar jiha, akwai bariki mai rumbun makamai da mutanen da suka san ladabin layin harbi, ga Abuja tafiyar kusan awa guda. Wurin kansa ɗaki ne mai tsawon mita 14 ko makamancin haka, da fitila mai kyau da akwatin ƙarfe na tare ƙwaya. Lasisi ya zama da sunan makaranta, bindigogi su kwana a rumbun hukuma, a sa hannu a ɗauka, a sa hannu a mayar. Kuɗin sabuwa guda zai sayi tsofaffi uku ko huɗu, har a sami ragowar gwangwanayen ƙwaya na zangon karatu na farko.