Tabarau Biyu: Na Masunci da Na Matuƙin Jirgi

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ya san yadda ƙyallin ruwa ke kashe ido. Masunci ya sa tabarau mai tace haske, nan take ƙyallin ya gushe. Amma tabarau ɗin da ya taimaki masunci yana iya jefa matuƙin jirgin sama cikin haɗari.

A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen yaƙin Ingila uku suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Mazaunin matuƙan a buɗe yake, don haka gilashin da suke ɗaurawa na kare ido ne daga iska da ƙura. Da jirage suka ƙara nisa sama, sai zafin hasken rana ya zama babbar matsala. A shekarun 1930 kamfanin Bausch & Lomb na Amurka ya ƙera wa matuƙa tabarau mai duhu, wanda ya shahara da sunan Ray-Ban. A 1937 kuma Edwin Land ya kafa kamfanin Polaroid bisa fasaharsa ta tace haske.

Hasken da ya bugi ruwa ya dawo, yawancinsa kaɗawa yake a kwance. Tabarau ɗin Land yana tare shi, ya bar mai kaɗawa a tsaye. A cikin jirgin zamani kuwa, allunan da ke nuna tsayi da gudu su ma tataccen haske suke fitarwa, don haka matuƙi na karkata kai sai allo ya dushe. Gilashin gaban jirgi yakan fito da tabo kamar bakan gizo. Mafi muni, ƙyallin fiffiken wani jirgi daga nesa, wanda sau da yawa shi ne gargaɗin farko, yana iya ɓacewa.

Saboda haka hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka take ba matuƙa shawarar tabarau launin toka marar tacewa, mai barin kashi 15 zuwa 30 na haske ya wuce. Matashin Rogo ko Ƙaraye da ya nufi kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, gara ya bar wa masunta nasu tabarau a bakin Challawa.