Yadda Sifili Ya Zama Ƙarya

Mai koyon rubuta manhaja yakan ji an ce sifili ƙarya ne, sauran lambobi kuma gaskiya, sai ya ɗauka dokar lissafi ce. Al'ada ce kawai, kuma an san mafarinta. A 1854 George Boole, ɗan Ingila mai koyarwa a Cork, ya nuna ana iya lissafa hukuncin hankali da 1 da 0, a 1937 kuma Claude Shannon ya ɗora wannan lissafi kan makunnan lantarki. Amma babu ɗayansu da ya ce a riƙa mayar da kowace irin ƙima gaskiya ko ƙarya. Hasali ma harsunan manhaja ALGOL 60 da Pascal sun ware wa gaskiya da ƙarya gurbinsu daban, lamba ba ta shiga can.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972, shi ya baza al'adar. Bai samu gurbi na musamman na gaskiya da ƙarya ba sai a 1999. Duba ko lamba sifili ce aiki ne mai arha ga na'ura, don haka aka ce duk abin da ba sifili ba gaskiya ne. Da hujjar hankali ce, da harsuna ba su saɓa ba. A Ruby sifili gaskiya ne. Rubutun "0" gaskiya ne a JavaScript, ƙarya a PHP. Jerin da babu komai a cikinsa ƙarya ne a Python, gaskiya a JavaScript.

Masu kare al'adar sukan ce tana rage rubutu, ƙwararre kuma ya san dokokin harshensa. Batun rage rubutu gaskiyarsu ce. Sai dai tana cakuɗa abu biyu, wato "babu" da "akwai, amma sifili ne". Python ta daɗe tana ɗaukar ƙarfe goma sha biyun dare daidai a matsayin ƙarya, saboda awa da minti da daƙiƙa duk sifili ne. Manhajar da ke duba ko an sa wa jirgi lokacin tashi za ta yi aiki lafiya yini guda cur, jirgin tsakar dare kuwa ta ce ba shi da lokaci. Ƙwarewa ba ta cika tsare mutum daga kuskuren da ba ya fitowa sai kowa ya yi barci ba. Masu kula da Python sun cire wannan doka a sigar 3.5, a 2015, amma lambar sifili kanta har yau ƙarya ce a wurinsu.