Tangaran

tangaran (suna, namiji) 1. Farin yumɓu da aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,200. Da shi ake yin kwanuka da kofuna. 2. A aikin lantarki: abin da ke tare wuta, kamar waɗanda ke riƙe waya bisa turakun hanyar Daura zuwa Katsina. A na'urar ƙara ƙarfin siginar rediyo, a kansa ake girka sassan da ke ɗaukar dubban bolt, domin roba takan yi laushi ta ƙone, balle a zafin Afrilu. Wata roba ta musamman mai suna Teflon tana jure zafi, sai dai tangaran ya fi ta juriya. Aibin tangaran saurin tsagewa. Ƙurar hunturu kuma in ta jiƙe a kansa, wuta na iya bin ta. *Misali:* "Malam, a sauya tangaran ɗin, ya tsage."